Laifin ƙadangare ko na magini?

Ranar Asabar 25 ga watan Janairu na 2003, wajen ƙarfe shida da rabi na safe agogon Nijar, wani mutum da har yau ba a san sunanshi ba ya saki wani ɗan gajeren saƙo a intanet. Tsawonshi bayit 376 ne kacal, bai cika saƙon salula uku ba. Cikin minti goma ya shiga kwamfutoci wajen 75,000 a duniya, yawan waɗanda ya kama yana ninka kanshi duk bayan daƙiƙa takwas da rabi. A Koriya ta Kudu intanet ya ɗauke na sa'o'i. A Amurka yawancin na'urorin cirar kuɗi 13,000 na Bank of America suka daina ba mutane kuɗinsu, a tashar nukiliya ta Davis-Besse kuma allon da ke nuna lafiyar tashar ya mutu kusan awa biyar. Allah ya taimaka tashar tana rufe a lokacin. Wannan tsutsa ita aka sa ma suna Slammer.

Na san wani zai ce, to mu ƴan Cadawa da Gazawa ina ruwanmu, lokacin da ko salula ba kowa ke da ita ba? Ruwanmu biyu ne. Na farko, yau sunayenmu suna cikin irin waɗannan rumbuna: rajistar zaɓen da aka ɗauki hotonmu da zanen yatsunmu kafin zaɓen 2020, sakamakon jarrabawa, lambar salula, ɗan kuɗin da yaya ke turo ma inna daga Yamai ko Legas. Na biyu, abin da ya faru ranar nan matsala ce ta harshe kafin ta zama ta injiniya, kuma tana ɗauke da tambayar da ta girmi kwamfuta: in ɓarna ta auku ta hannun mutane da yawa, wa ke ɗaukar alhaki?

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don ba a yanke hukunci kan abin da ba a gane ba.

Manhajar da aka kai ma hari ita ce SQL Server 2000 ta kamfanin Microsoft. Aikinta tsaron rumbun bayanai: ta adana, ta jera, ta fiddo in an tambaya. Tana da wata ƴar ƙofa mai lamba 1434, kamar yaron da aka zaunar a zaure. Baƙo ya zo ya faɗi sunan rumbun da yake nema, yaro ya rubuta sunan a allo, ya shiga ciki ya duba. Shi kenan aikin. Wanda ya rubuta manhajar ya ware ma sunan wani ɗan mazubi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, daidai tsawon sunan da ya yi tsammani. Abu ɗaya ne bai yi ba: bai sa a auna sunan kafin a zuba ba.

Ku ɗauki kundin mai shago. Layin farko na sunan mai bashi ne, layin da ke maƙwabtaka da shi na umarnin maigida ne, inda yake rubuta ma yaron shago abin da zai yi. Wani ya zo ya ce sunanshi Abdu ɗan wane jikan wane na gidan wane a ba shi buhu goma na gero. Yaro yana rubutawa bai ɗaga alƙalami ba, sunan ya cika layinshi ya tsallaka cikin layin umarni. Jimawa kaɗan yaron ya dawo ya duba mi maigida ya ce, sai ya ga: a ba shi buhu goma na gero. Ya ɗauka ya bayar.

Haka abin yake, kusan kalma da kalma. Kusa da mazubin sunan akwai wurin da manhaja ke ajiye adireshin inda za ta koma in ta gama ɗan aikin da ke gabanta. In abin da aka zuba ya fi mazubin, sai ya malala ya shafe adireshin. Mai wayo sai ya tsara doguwar maganarshi yadda daidai wurin nan zai faɗa kan adireshin da shi yake so, wanda zai mayar da manhajar cikin sauran maganar tashi. Daga nan kwamfuta ta shiga karanta kalaman baƙo a matsayin umarnin maigida. Wannan shi nake kira ambaliyar mazubi. Umarnin da Slammer ta ɗauko kuwa guda ne: zaɓi adireshi da ka, tura mashi kwafina, sake zaɓar wani, kar ka tsaya. Ba ta goge komi ba, ba ta saci komi ba. Cunkoson da ta haddasa ne ya toshe hanyoyi, kamar ranar kasuwa in manyan motoci sun cushe a bakin titi.

A nan ne abin ya kama ni a matsayina na mai karatun harshe. Waɗanda suka zauna gaban malam suka ɗan taɓa balaga sun san an raba magana gida biyu, habari da insha'i: maganar da ke ba da labari, wadda za a iya ce mata gaskiya ko ƙarya, da maganar da ke ƙulla wani abu da faɗinta. Wani Bature ɗan Ingila, J. L. Austin, ya zo da kusan wannan rabon a laccocin da aka buga a 1962, a aji kuma aka koya mana shi kamar sabon abu. Waliyyi in ya ce na ba da, aure ya ɗauru. Mai tunkiya in ya ce na sallama, ciniki ya faɗa. Amma mutumin da ke ba da labari a fada yana cewa wane ya ce ma matarshi na sake ki, tashi matar tana nan daram, ko da tana bayan danga tana jin shi. Kalmomin iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne wa ya faɗa, a ina, da wane matsayi. Yaro ɗan shekara bakwai ya san wannan ba tare da an koya mashi ba.

Kwamfuta ba ta sani ba. Tun tsarin da John von Neumann ya bayyana a 1945, bayani da umarni a ƙwaƙwalwa ɗaya suke kwana, da lambobi iri ɗaya aka rubuta su. Abin da ke mayar da lamba umarni shi ne wurin da take zaune kawai. Saboda haka duk wanda ya iya tura maganarshi ta tsallaka iyaka ya zama maigida. Mu muna da murya, da fuska, da sanin wa ya isa. Ita iyaka kawai gare ta, iyakar kuma mutum ne ke shata ta.

Wani ɗan abu a gefe, da ya shafe mu kai tsaye. A tsarin rubutun da intanet ya fi amfani da shi yau, harafin k bayit ɗaya yake ci, amma ƙ biyu yake ci, haka ɗ da ɓ da ƴ. Mai rubuta manhajar da ya ƙirga haruffa maimakon bayit, sunan Ɗanƙwairo kaɗai ya isa ya ɓata mashi awo. Mu da aka saba rubuta mana Cadawa mai harafi shida a matsayin Tchadoua mai takwas, mun daɗe da sanin cewa ba da mu aka auna gidajen takardun da muke cikawa ba.

To, yanzu laifin wa?

Amsar da ta fi sauƙi ita ce laifin wanda ya saki tsutsar, kuma amsar gaskiya ce. Ba na cikin masu cewa ai bai goge komi ba, ai gargaɗi ya yi. Wanda ya cinna ma kara wuta a gonar da ba tashi ba bai isa ya ce nufinshi ya nuna kara na ci ba. Bai san wace na'ura za ta mutu ba, ta asibiti ko ta banki, kuma rashin sanin nan shi ne laifin, don ya saki abin da ba ya iya kira ya dawo. Hausawa dai sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Karin maganar ba ta wanke ɓera ba, ƙara mai laifi na biyu ta yi.

Magini fa? A nan mutane kan yi sassauci su ce kuskure ne, ɗan Adam ajizi ne. Da zan yarda in a 2002 ne aka fara ganin irin wannan rami. Amma tun 2 ga Nuwamba 1988 wani ɗalibin jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki tsutsar da ɗaya daga cikin hanyoyin shigarta ita ce wannan ambaliyar, har kotu ta same shi da laifi. A 1996 wani mai laƙabin Aleph One ya rubuta yadda ake yin ta dalla-dalla a mujallar Phrack, kowa ya karanta. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970, da ƙanenshi C++, su ne aka gina yawancin manyan manhajoji da su, kuma an san ba su auna mazubi da kansu. Sun bar ma mai rubutu wannan aikin saboda sauri. Wato shekara goma sha huɗu bayan Morris, kamfanin da ya fi kowane kuɗi a harkar ya sayar ma bankuna da gwamnatoci rumbu mai irin tsagar da kowa ya san da ita. A watan Janairu na 2002 ma Bill Gates da kanshi ya rubuta ma ma'aikatanshi cewa tsaro ya zama gaban komi, abin da ke nuna kafin nan ba shi ne gaba ba. A 2019 kuma wani injiniyan Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ramukan da suke toshewa kowace shekara na dangin rashin kula da ƙwaƙwalwa ne.

Magini a Agye in ya yi ma mutum rumbu damina ɗaya ta kayar da shi, gari duka zai ji, badi ba mai kiran shi. Kamfanin manhaja kuwa yana sa ka latsa na yarda a ƙarƙashin doguwar takardar da ke cewa kayan yadda ka gan su haka ka saye su, in sun jawo maka asara kai ka jiyo. A Risala ta Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukanmu, ɓoye aibin kaya yana cikin abubuwan da aka hana a ciniki, mai saye kuma yana da damar mayarwa in ya tarar da aibi. Sai a 2024 Tarayyar Turai ta sake dokarta ta alhakin kaya ta saka manhaja a ciki. Ni a ganina laifin magini ya fi yadda ake faɗi nauyi. Injiniyan da ya manta layi ɗaya, nashi kaɗan ne. Babban kason na wanda ya yanke cewa a fitar da kaya kasuwa ne tun ba a gama dubawa ba, yana sane cewa ribar tashi ce, asarar ta wani.

Amma ga inda labarin ya karkace. Microsoft ta fitar da facin wannan rami tun 24 ga Yuli 2002, wata shida cif kafin Slammer. Duk kwamfutar da tsutsar ta shiga, da an sa mata facin da ba ta shiga ba. To ashe laifin ya koma kan masu gadin rumbunan kenan? Wani sashe, i. Mutumin da ake biya albashi don ya tsare bayanan jama'a, aka aiko mashi sanarwa ya ajiye ta wata shida, ya ci amana. Sai dai ba duka ne haka ba. Sa facin aiki ne mai wahala a lokacin, sai an tsayar da rumbun, banki kuma ba ya son tsayawa. Sa'an nan akwai ƙaramin samfurin manhajar mai suna MSDE da aka cusa cikin wasu manhajoji dabam, mutane da yawa suna da shi ba su ma san suna da shi ba. Ta yaya za ka toshe ramin ɗakin da ba ka san yana cikin gidanka ba? Abin dariya, ko na kuka, shi ne har cikin kwamfutocin Microsoft ɗin kanta tsutsar ta shiga. Wanda ya ɗinka facin bai gama sa ma nashi wando ba.

Saura mutum na huɗu, kuma shi ne ya fi ba ni wahala. David Litchfield, wani mai binciken tsaro ɗan Birtaniya, shi ya gano ramin. Bai sayar ma ɓarayi ba. Ya sanar da Microsoft, ya jira har faci ya fito, sa'an nan a taron Black Hat na birnin Las Vegas a 2002 ya tsaya gaban jama'a ya nuna yadda ake shiga, har da samfurin rubutun da ke yin aikin. Da aka warware Slammer aka duba cikinta, sai aka tarar a kan wannan samfurin aka gina ta. Shi kanshi bayan abin ya faru ya fito ya ce zai sake tunani kan wallafa irin wannan rubutu.

Mu mutanen rufin asiri ne. Addu'ar da muka fi yi ma juna kenan, Allah ya rufa asiri. Wanda ya ga tsaga a katangar maƙwabci ya je kasuwa yana shela, ba za mu kira shi mai gaskiya ba, wani suna gare shi. Saboda haka zuciyata ta fara karkata ga cewa Litchfield ya faɗa ma kamfani ya yi shiru, shi ne mutunci.

Sai dai rufin asiri na mutum ne, ba na kaya ba. Asirin da muke roƙon Allah ya rufa shi ne talaucin gida, kuskuren ɗiya, rashin lafiyar da ba a son a ji. Aibin kayan da ake sayar ma jama'a ba ya cikin wannan. Malamai ma da suka tsananta kan giba sun ware wuraren da faɗin aibi ya halatta, Imam Nawawi ya lissafa shida, kuma gargaɗin mutane daga cuta yana ciki. Katangar nan ba ta maƙwabci ba ce shi kaɗai, geron gari duka ne a bayanta. Kuma mun ga abin da shiru ke haifarwa. Hukumar leƙen asirin Amurka, NSA, ta san wani rami dangin wannan a cikin Windows, ta ɓoye shi tana amfani da shi. Aka sace mata makamin, aka watsa shi a watan Afrilu 2017, ranar 12 ga Mayu kuma WannaCry ta bi ta nan ta rufe kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ramin da ka gani ka yi shiru bai toshe ba. Kai dai ka daina magana, wani kuma yana nan yana lalube. Tarihin harkar ya nuna kamfanoni da yawa ba su motsi sai sun san za a faɗa, shi ya sa masu binciken Google suke ba kamfani kwana 90, in ya gyara to, in bai gyara ba su wallafa.

To na yarda a faɗa. Inda na tsaya shi ne bambancin cewa akwai tsaga a bangon gabas, da miƙa ma duk wanda ke wurin tsani da aka auna daidai tsayin bangon. Masu goyon bayan Litchfield suna cewa in ba ka nuna tsanin ba, masu gadi ba su yarda abin na gaske ne, kuma ɓarawon kirki zai sassaƙa nashi ko ba ka ba shi ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma ɓarawon kirki kaɗan ne, masu kwafa su ne da yawa, kuma tsanin da aka ba kowa ya rage ma mai gadi kwanakin da yake da su. A nawa hukuncin Litchfield ya yi daidai da ya faɗa, ya yi gaggawa da ya nuna duka, laifinshi kuma bai kai rabin na sauran ukun ba.

Akwai kuma abin da masu wannan muhawara a Las Vegas ba su sa a lissafi, wato mu. Kwana 90 ko wata shida awo ne da aka yi da ofishin da ke da injiniya, da wuta, da intanet mai ƙarfi, da lasisin da aka biya. Ku tuna irin kwamfutocin da muke gani a ofisoshi da makarantu daga Gidan Runji har Gazawa. Wani proje ya kawo su, an yi biki an ɗauki hoto, proje ya ƙare, wanda ya girka su ya koma inda ya fito. Windows ɗin ciki sau da yawa kwafi ne da wani mai gyara ya sa, an ma kashe mashi sabuntawa da gangan don kar ya cinye kuɗin intanet ko ya gane ba na asali ba ne. A irin wannan wuri faci ba ya zuwa ko bayan shekara shida. Ranar da aka shelanta rami a duniya, mai kuɗi ya samu gargaɗi, mu kuma ɓarawo ne kawai ya samu labarinmu. Wannan bai sa na koma goyon bayan shiru ba. Ya dai ƙara mutum na biyar a layin masu alhaki: wanda ya kwashi sunayen talakawa ya zuba a na'ura, ya sa kuɗin saye a kasafi bai sa na kulawa ba. Tsohon kundin takarda gara ce kawai ke cin shi, kuma sai ta zo har inda yake.

Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da aka ɗora ma aikin, HAPDP, tana kuma da dokar laifukan intanet ta 2019. Muhawarar da aka sha yi kan ta biyun kusan duk a kan abin da ake rubutawa a Facebook da WhatsApp ne. Ban ji muna tambayar ɗaya gefen ba. A ce wata ɗaliba a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana duba sakamakonta a wani shafi, ta lura in ta canza lamba ɗaya tana ganin na wani. Wa za ta gaya mawa? In ta je ofis, godiya za a yi mata ko tambayar farko ita ce mi ya kai ki can? Duk wanda na yi ma wannan tambaya cikin abokaina amsa ɗaya ya ba ni: ta yi shiru ta rufa ma kanta asiri. Ban ga laifinsu ba. Amma ku lura asirin wa aka rufa a nan, da na wa aka bari a buɗe.

Slammer a ƙwaƙwalwa kawai take zama, ba ta rubuta kanta a faifai, kashe kwamfuta a kunna ya isa ya kore ta, sai dai in ba a sa faci ba ta dawo cikin ƴan mintuna. A ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba na 2016 kamfanin tsaro na Check Point ya ga ta sake tasowa, bayit 376 ɗin nan dai, tana ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 1434 a ƙasashe da dama, shekara goma sha huɗu bayan fitowar facin.